Kafin a ba mutum jami'a, a tambayi yadda ya bar sashensa

Duk lokacin da wa'adin shugaban wata jami'a ya zo ƙarshe, sai ka ga takardun tarihin aikin masu neman kujerar sun fara yawo a Facebook da WhatsApp. Kowa da tasa mai kauri. Wane ya wallafa maƙalu kaza a manyan mujallu, wane ya yaye masu digirin digirgir kaza, wane ya daɗe da zama farfesa. Magoya baya su yi ta tafi, 'yan adawa su yi ta tono. Ni kuwa tambayar da ke damuna ba kasafai nake ganin amsarta a waɗannan takardu ba: lokacin da aka damƙa wa wannan bawan Allah sashe guda ya riƙe, a wane hali ya same shi, a wane hali kuma ya bar shi?

Hanyar hawa kusan ɗaya ce ko'ina a duniya. Mutum ya gama digirin digirgir, ya kama koyarwa, ya yi ta rubutu har ya zama farfesa. Ana cikin haka a ba shi shugabancin sashe, daga nan tsangaya, in da rabo ya zama mataimakin shugaba, sannan ya nemi babbar kujera. Sai dai abin da ke kai mutum ga zama farfesa daban, abin da ofishin shugaba ke nema a wurinsa daban. Farfesa da zaman kaɗaici ya samu matsayinsa, shi da littattafansa ko ɗakin gwajinsa, yana bin tambaya ɗaya shekara da shekaru. Shugaban jami'a kuwa da wuya ya samu awa guda shi kaɗai. Kafin rana ta yi tsaka ya ga wakilan ƙungiyar malamai, ya ga ɗan kwangilar da bai gama ɗakin kwanan ɗalibai ba, ya ga lauyan jami'a kan wata ƙara, ya amsa wayar wani babba a gwamnati, ga ma'aji tsaye da takarda yana cewa abin da ke asusu ba zai kai ƙarshen wata ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ake koya wa mutum a hanyarsa ta zama farfesa.

Ganin haka ne ya sa wasu ke cewa to a bar malamai da ajinsu, a ɗauko wanda ya iya mulki daga waje. Ra'ayin ya daɗe. A Birtaniya, rahoton kwamitin Jarratt na 1985 ya nemi a riƙa kallon shugaban jami'a a matsayin babban jami'in zartarwa irin na kamfani, kuma tun daga lokacin harshen kasuwanci ya shige jami'o'insu. An gwada 'yan waje iri-iri a wurare da dama, sakamakon kuma yana nan a rubuce ga mai son dubawa.

Jami'ar Columbia da ke Amurka ta ɗauko Janar Eisenhower a 1948, mutumin da ya jagoranci rundunonin ƙawance a Turai lokacin yaƙin duniya na biyu. Suna kam ya kawo, amma hankalinsa na wani wuri. Bai yi shekara uku ba ya ɗauki hutu ya tafi riƙe rundunar NATO, daga can ya faɗa takarar shugaban ƙasa. Jami'ar Missouri ta ɗauko Tim Wolfe a 2012, tsohon ma'aikacin kamfanonin kwamfuta wanda bai taɓa riƙe ko sashe a jami'a ba. Da ɗalibai baƙaƙe suka fara koke kan wariya a 2015, bai san yadda ake sauraren irin wannan koke ba, har wani ɗalibi ya shiga yajin cin abinci, 'yan ƙwallon jami'ar suka ce ba za su buga wasa ba, dole ya sauka a watan Nuwamba na shekarar. A Oxford ma, John Hood, ɗan New Zealand, wanda ya yi aiki a babban kamfani kafin ya shugabanci jami'ar Auckland, shi ne na farko da aka ɗauko daga wajen malaman jami'ar, a 2004. Ya kawo tsarin da zai ba mutanen waje rinjaye a majalisar gudanarwa. Malamai suka kaɗa ƙuri'a a ƙarshen 2006 suka yi watsi da shi. Ko tsarin na da kyau ko babu, ba shi ne abin dubawa ba a nan. Mutumin ya zo wurin da ba a bin umarni sai an gamsu, shi kuwa ya saba da inda ake bi.

Don kada a ce na zaɓi abin da ya yi mini daɗi kawai, ga Mitch Daniels. Tsohon gwamnan jihar Indiana ne, ba malami ba, ya karɓi jami'ar Purdue a 2013, ya hana a ƙara kuɗin makaranta har ya sauka a ƙarshen 2022. Iyayen yara sun ji daɗinsa ƙwarai. Amma ko shi, da ya ƙulla cinikin sayen wata jami'ar intanet a 2017, majalisar malamai ta yi ƙorafin ba a tuntuɓe ta ba. A Najeriya kuma an taɓa yin wanda ya fi wannan, lokacin da gwamnatin soja ta naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora kantoman Jami'ar Ahmadu Bello a 1995. Wanda zai yaba zai ce an samu lafawar rikici. Ni dai ban ga yadda za a kira wurin da aka dakatar da shawara tsakanin malamai da sunan jami'a mai lafiya ba.

Saboda haka ina tare da masu cewa malami ya kamata ya shugabanci malamai. Akwai ma bincike a kai. Amanda Goodall, wata mai bincike a Birtaniya, ta bi tarihin shugabannin manyan jami'o'in duniya, ta fitar da sakamakonta a 2009, ta nuna cewa jami'o'in da suka fi ƙarfi a bincike galibi waɗanda suka yi suna a nasu fagen ne ke jagorantarsu. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ya san wahalar bincike ya san wanda ya kamata a ɗauka aiki da wanda ya kamata a ƙara wa girma, kuma in ya ce wa farfesa aikinka bai kai ba, farfesan zai ji nauyin maganar.

To amma nan ne inda muke kuskure, mu ɗauka cewa tunda malami ake so, wanda ya fi kowa tarin maƙalu shi ya fi cancanta. Lawrence Summers ya zama cikakken farfesa a Harvard yana ɗan shekara 28, ya riƙe ma'aikatar kuɗi ta Amurka, ilimi da sanin mulki duk ya haɗa. Ya hau kujerar Harvard a 2001. A watan Maris na 2005 malaman babbar tsangayar jami'ar suka kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa, bayan wata magana da ya yi kan mata da kimiyya, a kan tarin ɓacin ran da ya riga ya jawo da yadda yake mu'amala da su. A 2006 ya sauka. Babu takardar tarihin aikin da za ta fi tasa kyau.

Mutumin da nake yawan tunawa a wannan batu shi ne Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya daga 1958 zuwa 1967. Farfesa ne a fannin dangantakar ma'aikata da masu kamfani, amma abin da ya horar da shi ba aji ba ne. Ya shafe shekaru yana shiga tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni in rikici ya tashi, yana zama da mutanen da ba sa son ganin juna har ya samo abin da kowa zai iya sa wa hannu. Da wannan sana'a ya haɗa kan jami'a da kwalejojin jiha da 'yan majalisa aka fitar da babban tsarin ilimi na Kalifoniya a 1960: babbar jami'a ta ɗauki ɗalibanta daga kashi ɗaya cikin takwas na sama cikin waɗanda suka gama sakandare, kwalejojin jiha su ɗauka daga kashi ɗaya cikin uku na sama, ƙananan kwalejoji kuma ƙofarsu a buɗe ga kowa. Ƙasashe da yawa sun yi nazarin wannan tsari. Duk da haka, da Ronald Reagan ya zama gwamnan jihar, majalisar gudanarwar jami'ar ta sallami Kerr a Janairun 1967 saboda zanga-zangar ɗalibai, don iya sulhu ba ya kare mutum daga siyasa. Amma aikin da ya bari ya daɗe bayansa, kuma tushensa wani sashe ne na tarihinsa da masu ƙirga maƙalu ba za su ba maki ba. Haka nake kallon Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta Najeriya daga 1988 zuwa 1994 kafin ya zama shugaban Jami'ar Bayero a 2005. Ya zauna a ɓangaren masu neman haƙƙi kafin ya zauna a ɓangaren masu ba da shi, ya san yadda magana ke faɗuwa a kunnen kowane ɓangare.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne sharaɗin shekaru. Sau da yawa a tallar kujerar za ka ga an rubuta sai wanda ya shekara goma da zama farfesa. Me shekara goma take aunawa, in ba haƙurin jira ba? Charles Eliot yana da shekara 35 ya karɓi Harvard a 1869, ya riƙe ta shekara 40, shi ya mai da ita jami'ar bincike. Robert Hutchins yana da 30 aka ba shi Jami'ar Chicago a 1929. Ishaya Audu, likitan yara, bai cika arba'in ba ya karɓi Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, ya riƙe ta har 1975, cikin shekarun yaƙin basasa da bayansa. Kenneth Dike, masanin tarihi, kafin ya karɓi Ibadan a 1960 ya riga ya kafa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, wato an ga ya gina abu daga babu. Da sharaɗin yau aka yi amfani, da wuya wasu cikin waɗannan su tsallake tantancewar farko. Za a ce ai lokacin babu mutane da yawa. Gaskiya ne. Amma yawan mutane dalili ne na a ƙara kyautata ma'auni, ba na a koma ga wanda ya fi sauƙin ƙirgawa ba.

Wannan ma'auni mata ya fi cuta. Harvard da aka kafa a 1636 sai a 2007 ta samu mace shugaba, Drew Faust. Oxford sai a 2016, da Louise Richardson. Grace Alele-Williams, masaniyar lissafi, ta riga su duka, ta karɓi Jami'ar Benin a 1985. A binciken da majalisar ilimi ta Amurka ta yi a 2022, mata kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na shugabannin manyan makarantun ƙasar. Wanda ya san cikin jami'a ya san su wa ake yawan jibga wa aikin jarrabawa, da kula da matsalolin ɗalibai, da kwamitocin da ba wanda ke so. Aikin yana cin lokacin rubutu, sai ƙarin girma ya yi jinkiri, sai a zo neman shugaba a ce shekarunta ba su cika ba. Alhali wannan aikin da ya jinkirta ta shi ne ainihin horon shugabanci.

Kuma yanzu babu lokacin koyo a kan kujera. Wancan bincike na Amurka ya nuna cewa a 2006 shugaba kan kasance ya yi kimanin shekara 8.5 a ofis, a 2016 ya sauko 6.5, a 2022 ya koma 5.9. A jami'o'in tarayyar Najeriya wa'adi ɗaya ne na shekara biyar, a Italiya ɗaya ne na shekara shida. In mutum ya ɓata shekara biyu yana koyon karanta kasafin kuɗi, shekarar ƙarshe kuma hankalin kowa ya koma kan magaji, me ya rage? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar shugaban jami'a ita ce shekarun da ya yi yana riƙe da sashe ko tsangaya.

Abin da nake so in ga majalisun gudanarwa suna yi ba mai wuya ba ne. A kafa ƙa'idar ilimi mai tsauri, duk wanda bai kai ba a sallame shi, don jami'a ba wurin ɓoye rago ba ce. Amma da zarar mutum ya tsallake, a daina ƙirga maƙalu, a koma kan kujerun da ya riƙe. Lokacin da yake shugaban sashe, sakamakon jarrabawa yana fita a kan lokaci? Ƙananan malamai nawa suka gama digirin digirgir a ƙarƙashinsa, nawa suka gudu? Kuɗin bincike da ya shigo ta hannunsa, masu binciken kuɗi sun samu lissafinsa daidai? Da aka kawo ƙarar malamin da ke abokinsa, ya binne ta ko ya tura ta gaba? Ya taɓa ƙin wani babba a kan ɗaukar ɗalibin da bai cancanta ba?

Na san abin da wasu za su ce a ƙasan wannan rubutu: in aka buɗe wannan ƙofa, masu ƙullin gaba za su samu damar ɓata mutum, kuma wanda ya tsare gaskiya shi ya fi tara maƙiya. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ban ce a tara mutane a tambaye su wa suke so ba. Galibin tambayoyin nan amsarsu a rubuce take, da kwanan wata da sa hannu: ranar da sashe ya miƙa sakamako ga majalisar malamai, rahoton masu binciken kuɗi, rahoton masu tantance kwasa-kwasai, bayanan zaman kwamitin ladabtarwa. Duk suna ofishin magatakarda da na ma'aji, kuma wasiƙa ɗaya daga shugaban majalisar gudanarwa ta isa a ɗauko su kafin ranar ganawa da masu nema.