Macijin kokwamba ya tsone wa wata ido

Ni dai ban kira sunan kowa ba, amma mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Ranar asabar na shimfiɗa tabarma na zaunar da yarana uku, yaran da ko ganyen alayyahu suka gani a miya sai sun tsince shi tas sun tara a bakin kwano. Na yayyanka kokwamba fala-fala muka jera ta a tire tana lanƙwasa, gutsuren ƙarshe ya zama kai, kanumfari biyu ido, na tsaga jan tattasai siriri ya zama harshe. A tsakiya na ajiye ɗan kofi cike da garin ƙuli da yaji kaɗan na ce musu to ga rijiyar Kusugu ga macijin da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar juma'a. Kafin in rufe baki autana ya zaro cokali wai shi ne Bayajidda, ya sare kan ya dangwala ƙuli ya cinye har harshen, saura ƙiris ya haɗa da kanumfarin. Karas kuma muka yi mishi tsaga uku-uku kamar gaɓar yatsa, muka liƙa ɓarin gyaɗa a bakin ya zama farce, ruwan tumatir ya zama jini, wai yatsun Dodo. Suna ihu suna ci wallahi, tire ya tashi fes.

Ina ɗora hoto sai ga wata hajiya a group ɗin unguwa da dogon voice, wai wasu sun fara koya wa 'ya'yansu Halloween, wai wasa da abinci. Baiwar Allah, Halloween ɗin 31 ga Oktoba ake yinta a Amurka, kabewa suke fafewa su kunna kyandir a ciki, ni kuwa cikin hunturun Janairu nai nawa da karas ke araha a baro. Kuma Dodo da Gizo ba a jirgi suka zo ba, da su kaka ke sa mu yin tsit da daddare, ko ke ba ki taɓa gudun 'yan tashe ba?

To abin dariyar, kwana 3 tsakani sai ga maciji a status ɗinta. Maciji ko tsutsa oho, kokwambar ta yi yaushi saboda tun safe aka yanka, harshen kuma attarugu ta saka, attarugu fa, ga yaro ɗan shekara 4! Har gidana na jiyo kukan ta katanga.

Kuma hajiya kanumfarin da kika aiko 'yarki ta karɓa wai za ki yi kunun zaƙi, na gane shi a fuskar tsutsar nan. Na yafe, amma a dawo min da tirena.