A tambayi kwamfuta abin da take da shi, ba sunanta ba

Duk wanda ya taɓa kula da babbar manhaja mai dubban fayiloli ya san rubuta kod aiki ne guda, sa shi ya harhaɗu a Linux da Windows da macOS kuma wani aikin ne daban. A ganina yawancin ciwon kan nan daga tambaya ɗaya yake tasowa, wadda ake yi a karkace. Fayil ɗin gini, wato mai tsara yadda za a harhaɗa kod ya zama manhaja, yakan ce wa kwamfuta "Wace ce ke?", alhali kamata ya yi ya ce "Kina da kaza?"

Ga misalin strlcpy, ɗan umarnin kwafar rubutu da ya fito daga tsarin aikin kwamfuta na OpenBSD a 1998. Shekara da shekaru glibc, taskar umarnin harshen C da yawancin Linux ke amfani da ita, ba ta da shi, sai masu manhaja da dama suka kafa sharaɗi: in Linux ce, mu saka namu. A 2023 glibc 2.38 ta zo da shi, sai ga wasu manhajojin sun ƙi harhaɗuwa saboda suna ya ci karo da suna. Wanda kuwa ya sa a gwada ko akwai shi kafin a fara gini, ko a jikinsa. Sunan Linux ɗin ma bai isa shaida ba, tunda Alpine, wani nau'in Linux, da wata taska mai suna musl take aiki, ba glibc ba.

A kan wannan dabarar gwaji aka gina Autoconf, manhajar shirya gini, tun 1991, kuma dabarar daidai take. Matsalar Autoconf ita ce rubutun configure da yake fitarwa don yin gwaje-gwajen, layi dubbai, wanda kusan babu mai karantawa. Abin da ba a karantawa kuwa maɓoya ce. A Maris na 2024 aka gano ƙofar sirri ta kutse a cikin xz, manhajar matse fayiloli, kuma a fayilolin gini na ƙunshin da ake rabawa aka cusa abin da ke kunna ta.

Komawa wasu manhajojin gini irin su CMake ko Meson yana rage wahala, amma ba ya maganin mugun tsari. Ni dai shawarata, a tara gwaje-gwajen duka wuri guda, kowane reshe na kod ya faɗi abin da yake buƙata kawai, a kuma bi fayilolin gini da ido kamar sauran kod. Sannan kada gwaji ya dogara da kunna shirin da aka harhaɗa, domin mai gina wa wayar ARM manhaja a kan kwamfutar x86 ba zai iya kunna shi a nan ba, tunda ƙwaƙwalwar na'urorin biyu ba iri ɗaya ba ce.