Ba a Kowane Ɗaki Ake Gwada Eriyar Gano Alƙibla Ba

Wasu na ɗauka eriyar da ke gano inda sigina ke fitowa ko a wane ɗaki ana gwada ta, a ajiye na'urar watsawa kusa da ita shi ke nan. Ba haka ba ne. Bango da ƙarafa suna dawo da siginar, sai eriyar ta nuna alƙiblar da ba ita ba. Shi ya sa ake lulluɓe ɗakin gwaji da soso mai tsini wanda ya sha kabon, don ya shanye siginar.

Tazarar da ke tsakanin eriya da na'urar watsawa ma da lissafinta: faɗin eriya sau kansa sau 2, a raba da tsawon zango, wato tsawon igiyar sigina guda ɗaya. Eriya mai faɗin mita 1 a gigahaz 10 (ma'aunin saurin kaɗawar sigina), inda zango yake santimita 3, tana buƙatar kusan mita 67. In aka matso da yawa, siginar na isowa a lanƙwashe, awon kusurwa ya lalace.