Ranar da fitilar falo ta tsinka ni gaban surukina

Kun dai san tun bayan ƙaramar salla nake fama da Home Assistant ɗin nan, manhajar da ke ba mutum damar kunna kayan wutar gida daga waya. Tsohuwar laftof ɗina ta kasuwar kwamfuta ta Beirut a Kano, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, na ɗora wa Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji kowace a keɓaɓɓen akwatinta da ake kira kwantena, na zuba Home Assistant a ciki, wani aboki ya taho min da ƙwan fitila na Zigbee (wata hanyar sadarwa ce mara waya ta kayan gida) da 'yar sandarsa ta USB, wadda laftof ke magana da ƙwan ta cikinta, daga Legas. Komai ya zauna. Makunnin bango kuwa salatif na manna masa na kafa doka, domin ƙwan in aka yanke masa wuta ba ya jin kiran waya.

Ran Juma'a bayan magariba sai ga Baban su uwargida daga Gwammaja. An ɗauke wuta da la'asar an dawo da ita, ban kawo komai a raina ba. Muka shiga falo, duhu. Uwargida ta nufi bango, na ce ta dakata.

"Baba, ku zauna ku ga wani abu. Daga nan zan kunna."

Na durƙusa gefen kujerarsa, na danna. Shiru. Na sake dannawa. Shiru. Shafin Home Assistant ya buɗe lafiya lau, kwantena na gudana, amma gurbin fitilar ya dushe, wai ba a same ta ba. Babu haske a ɗakin sai na wayata, shi ma fuskata kawai yake haskawa, don kowa ya ga gumin da kyau. Baba bai ce uffan ba, carbinsa kawai nake ji ƙas, ƙas. Na ce, "Yanzu zai kawo, Baba." Ya ce, "Ba gaggawa, Malam." Wallahi gara ya zage ni. Na sake tayar da kwantenar daga waya, muka zauna jiran ta farfaɗo kamar masu zaman makoki. Uwargida ta ajiye ruwa a duhu, ta taka min yatsa, kuma har yau ban yarda kuskure ne ba.

Sai Auta ya kunna tocilan wayarsa ya dallare min ido. "Yaya, ko a kira mai gyaran wuta?"

Auta fa, ƙanin uwargida! Yaron da ya zo hutun sati guda tun kafin azumi. Shi ke cinye min data, shi ke sa takalmina zuwa majalisa, ya dawo da shi da taɓo ya jera a inda ya ɗauka. Kwanaki har cewa ya yi wai gidanmu ya fi ƙarfin talaka, fitila ma sai da fasawod. A gaban mahaifinsa kuma ya zama mai ba da shawara.

Can Baba ya miƙe, ya lallaba bango, ya ɓare salatif ɗina a hankali, ya kashe, ya kunna. Fau! Haske ya cika falo, don ƙwan da kansa yake kamawa in an kashe makunni an sake kunnawa. Ya naɗe salatif ɗin ya miƙo min da hannu biyu. "Ajiye kayanka. Mu namu na da ne."

Sai wajen sha ɗayan dare na gano mai laifi a log, wato rajistar da manhajar ke rubuta duk abin da ya faru. Kwantenar na neman sandar Zigbee a ttyUSB0, sunan da laftof ke ba irin wannan na'urar USB da ta fara gani, amma wani ya soka tsohon modem a laftof ɗin. Da wuta ta dawo, modem ya riga sandar tashi ya ƙwace sunan, ita kuma aka tura ta wata lamba. Wato duk dannawar da nake yi gaban Baba, da modem ake ta magana. Modem ɗin wa? Kun sani. Wai gwadawa yake ya ga ko har yanzu yana aiki, zai sayar a Farm Centre.

Na canza hanyar da kwantenar ke neman sandar zuwa /dev/serial/by-id, wadda ba ta sauyawa ko an soka me. Yanzu fitila na kamawa tun kafin in ɗaga yatsa, sai dai ba kowa a falon. Uwargida ta ce Baba ya bugo jiya yana tambayar lafiyar injiniya. Modem ɗin yana cikin durowata, Auta bai tambaya ba tukuna.