Ƙannena masu mafarkin Turai, ku duba tafiyar Sadiq Umar

Ƙannena da kuke sammakon atisaye a filayen unguwa, na lura cewa duk lokacin da hirar tafiya waje ta taso, sunayen manyan ƙungiyoyi kaɗai ke fitowa daga bakinku, ba a jin mai tambayar ko zai samu damar buga wasa idan ya je can. Saboda haka nake so ku tsaya ku duba tafiyar Sadiq Umar, ɗan wasan gaba haifaffen Kaduna.

Sadiq yana da shekara 18 ya ci wa Roma ƙwallo a ragar Genoa, a watan Disambar 2015, lokacin da Totti da Dzeko suke ƙungiyar. A shekarar da ta biyo baya ya ci ƙwallo 4 a gasar Olamfik ta Rio, biyu daga ciki a wasan da Najeriya ta doke Honduras ta ɗauki tagulla. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai ce kakarsa ta yanke saƙa.

Amma abin da ya biyo baya shi ne yawon aro. Roma ta tura shi Bologna, daga nan Torino, sai NAC Breda a ƙasar Holan, sai Rangers ta Sikotland a ƙarƙashin Steven Gerrard, sannan Perugia. A Rangers kusan kullum yana benci ko ma ba ya cikin jerin 'yan wasa, kuma da aka sa shi a wasan kusa da na ƙarshe da Aberdeen a 2018, abin da magoya baya suka riƙe shi ne katin gargaɗin da alƙalin wasa ya ba shi bisa zargin faɗuwa da gangan. Kafin shekarar ta ƙare aka soke aron. A takarda yana nan ɗan wasan Roma, amma ɗan wasan gaba da ba ya shiga fili ba ya cin ƙwallo, wanda ba ya cin ƙwallo kuwa darajarsa faɗuwa take yi a kasuwa, ko da rigar wace ƙungiya ce a jikinsa.

Abin da ya farfaɗo da shi mataki ne da yawancinku za ku raina. A 2019 ya koma Partizan ta ƙasar Sabiya, gasar da ba kasafai ake nuna ta a gidajen kallo ba, inda koci ya riƙa sa shi wasa mako bayan mako har ƙafarsa ta saba da raga. A 2020 ya tafi Almeria, a rukuni na biyu na Sifaniya, ya ci ƙwallo 20 a kakar farko, 18 a ta biyu, ƙungiyar ta hau La Liga. Sai a lokacin ne Real Sociedad ta biya kusan Yuro miliyan 20 ta ɗauke shi domin ya maye gurbin Alexander Isak. Ina ganin da ya nace sai babbar ƙungiya ko a fasa, da wannan kuɗin bai taɓa hawa kansa ba.

Sai kuma ƙaddara. Ya ci Atletico Madrid a wasansa na farko a watan Satumbar 2022, kwanaki kaɗan bayan haka jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Getafe, aka yi masa tiyata, ya rasa sauran kakar baki ɗaya. Shi ya ji ciwon ne bayan ya rattaba hannu a doguwar kwantiragi, don haka albashi da jinya suna wuyan ƙungiya. Ku ɗauka wani ne daga cikinku da dillali ya kai gwaji da bizar yawon buɗe ido, babu takarda babu inshora.

Don haka idan dillali ya zo muku da hoton riga da sunan ƙungiya, ku tambaye shi 'yan wasan gaba nawa ke gabanku a can, shekara nawa kwantiragin zai yi, kuma wa zai biya kuɗin tiyata idan gwiwa ta samu matsala. Ku kai takardar wurin lauya ya karanta muku kafin ku sa hannu. Wanda bai cika shekara 18 ba kuma ya sani cewa dokar FIFA ta hana ɗaukarsa zuwa wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi da ta keɓe.