Likita, lauya ko ɗan kasuwa? Yadda nake ganin abin daga Ingila

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, 'yan'uwa a gida sai su fara kira: yaron nan likitanci za a tura shi, ko lauya, ko a zaunar da shi a shago? Suna ganin wanda ke zaune a Ingila ba ya rasa amsa.

In dai tabbacin aiki ake nema, likita ya yi wa sauran fintinkau, kuma ba don albashin gida ba. Shekara 6 a jami'a, shekara ɗaya ta horo a asibiti, sai bautar ƙasa, bayan duk wannan kuma ƙungiyar NARD ta likitoci masu neman ƙwarewa ba ta rabuwa da yajin aiki kan haƙƙoƙin da aka riƙe. Abin da ke rufa wa likita asiri shi ne iliminsa na tsallake iyaka. Hawan jini ɗaya ne a Gusau da Leeds. In ya ci jarrabawar PLAB da ake yi wa likitocin da suka yi karatu a waje, ya yi rajista da GMC, hukumar likitocin Birtaniya, asibitocin gwamnati na NHS na iya ɗaukarsa, ga Saudiyya ma tana ɗiba. Shi ya sa a 2023 aka kai ƙudiri Majalisar Wakilai don a sa likita ya yi aikin shekara 5 a gida kafin a ba shi cikakken lasisi.

Sai dai rufin asiri daban, arziki daban. Likita a nan ma'aikacin albashi ne. Abin da ya haura fam 50,270 a shekara, kashi 40 cikin ɗari na haraji ne, ga kuɗin haya na jira. Ƙananan likitocin Ingila sun yi ta yajin aiki a 2023 da 2024, kuma guraben horon ƙwarewa yanzu rububinsu ake yi. Masu lissafa fam da naira su ce an gama, ba su ga takardar albashin ba.

Kasuwa kuwa ba ta da iyaka, a sama da ƙasa. A Kantin Kwari, Singa da Dawanau akwai waɗanda cinikinsu na mako ya fi albashin likita na shekara. Amma da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 cikin watanni, mai sayo kaya daga Sin ya sayar da riba a takarda, ya koma saro ya tarar jarinsa ya zaftare. Rufe iyakoki a Agustan 2019 ma haka ya yi wa 'yan Maraɗi da Jibiya. A nan ɗan kasuwa na yin rajistar kamfani da inshora, in ya karye gidansa na tsira. A can gida kuwa gobara ɗaya ta isa.

Lauya ne na fi tausaya wa. Shekara 5, sai Makarantar Lauyoyi a Bagauda ko Bwari, sannan ya fara ɗaukar wa babban lauya jaka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kuɗin suna wajen masu muƙamin SAN na manyan lauyoyin Najeriya, shari'o'in zaɓe da na manyan kamfanoni, galibi a Abuja da Legas. In ya zo nan, sai ya sake zama jarrabawar SQE ta samun izinin aikin lauya a Ingila.

Ni dai ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa likitanci nake ce masa. Wanda mahaifinsa ke da shago da abokan ciniki, ya yi karatunsa amma kada a raba shi da kasuwa. Mai son lauya kuwa, tambayar farko da nake masa ita ce ofishin wa zai zauna bayan an rantsar da shi.