An Yaye Mana Rufi Da Damina Alhali Kuɗin Hayarmu Bai Ƙare Ba

Shekara 19 ke nan ina zaune a gidan haya guda a Tudun Wadan Kaduna, a ciki da falon da ke daf da rijiya, kuma a nan aka haifi 'ya'yana huɗu. Gidan tsoho ne, ban musa ba. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, bangon baya ya tsage, kwanon rufin kuma mu 'yan haya muke haɗa kuɗi muna faci duk shekara kafin ruwa ya sauka. Magidanta tara ne a ciki. Mai gidan, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara, magada suka sayar wa wani mai kuɗi da ke son ya rushe shi ya gina bene da jerin shaguna. Babu wanda ya gaya mana an yi ciniki, sai ranar da muka ga mutum biyu suna awon tsakar gida, suna tsallake tabarmin da mata suka shanya hatsi ba tare da ko sallama ba.

Bayan kwana uku dillali ya zo da takarda mai layi huɗu, wai mu tashi cikin mako biyu. Na shiga ɗaki na ɗauko rasit, na nuna masa cewa na biya kuɗin shekara cif a watan Janairu, ga shi yanzu muna Yuli. Ko karɓa bai yi ba. Cewa ya yi, "Malam, ka yi haƙuri, mai kaya ya sayi kayansa, kuɗinka kuma ka nemi magada." Na nemi magada, babbansu ya ce an riga an raba gado, in koma wurin wanda ya saya. Haka ake ta tura ni, kowa yana kakkaɓe hannu, kamar kuɗin wata biyar ɗin da suka rage ba da gumi na samo su ba.

Da wa'adin ya cika ba mu tashi ba, sai aka fara abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An cire mana wayar wuta daga kan falwaya. Kashegari kafintoci uku suka hau sama da sassafe, suka yaye kwanon madafi da na banɗaki da na ɗakin ƙarshe, wanda wata dattijuwa da muke kira Inna take ciki. Mijinta ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ya rasu bayan an rufe masaƙun, tun daga lokacin da ƙosai take biyan haya tana riƙe jikoki uku. A daren aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da idona na ga Inna tsaye a tsakiyar ɗaki da fitilar hannu, ruwa ya kai mata idon sawu, tana ɗaga buhun wakenta bisa kai, katifa ta jiƙe sharkaf, littattafan yaran suna yawo a ƙasa. Da gari ya waye abin da ta ce da ni kawai shi ne, "Ɗana, ina za ni da yaran nan?" Wace irin zuciya ce za ta sa a yaye wa tsohuwa rufi a tsakiyar damina saboda ana gaggawar kafa shago?

Ba na jayayya da cewa mai gida yana da ikon sabunta gidansa. Abin da nake ja a kai shi ne hanyar, domin dokar ƙasar nan ta shimfiɗa ta filla-filla, kuma na je na ji daga bakin lauya. Idan ba a rubuta wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan haya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biyan wata-wata na wata guda, mai biyan shekara-shekara irinmu kuwa na wata shida. Idan wannan wa'adi ya ƙare bai fita ba, sai a ƙara masa takarda ta biyu ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Alƙali ne ke ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu ne ke zartarwa. Yaye rufi da yanke wuta da fitar da kayan mutum waje ɗaukar doka a hannu ne, kuma ɗan haya yana iya neman diyya a kai. Wanda ya sayi gida da mutane a ciki ya saye shi ne tare da hayar da ke kansa. A Musulunci ma, malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa haya ba ta warwarewa don mai gida ya rasu ko don an sayar da gidan, sai lokacinta ya cika. To da wace doka ake korarmu cikin mako biyu?

Abin da ke ba su ƙarfin hali shi ne sun san yawancinmu ba mu da takarda. A cikinmu tara, mutum uku ne kawai ke da rasit, sauran hannu da hannu suke ba marigayi, yana rubutawa a wani ɗan littafi da yanzu aka ce ba a san inda yake ba. Amana ce ta riƙe gidan shekara da shekaru, yau ita aka mayar makamin cutarmu.

Tun da aka fara aikin sabunta birnin Kaduna a 2019, zamanin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai, aka faɗaɗa tituna aka yi gadoji, filayen cikin gari suka yi daraja, duk tsohon gidan da ke kusa da kwalta ya zama abin farauta. Idan aikin gwamnati ne ya ci gida, maganar diyya da mai takardar fili ake yinta. Idan ɗan kasuwa ne ya saya, kuɗi na magada ne. A ko'ina ɗan haya, wanda shi ne ya kwana a ɗakin ya yi masa faci, ba ya cikin lissafi. Ina roƙon hukumar KASUPDA, mai ba da izinin gini, ta sa sharaɗi cewa duk mai son rushe gidan da ke da 'yan haya sai ya kawo shaidar ya ba su cikakken notis kuma ya mayar musu da ragowar kuɗinsu.

Masu cewa mu nemi wani wuri ba su zagaya neman ɗaki kwanan nan ba. Na je Rigasa, na je Hayin Banki, na kai har Rigachikun. Ciki da falon da nake biya Naira 180,000, mafi sauƙin da na samu 350,000 ne, ban da la'adar dillali da kuɗin motar kwasar kaya, wasu ma shekara biyu suke nema a dunƙule. Ga kuɗin Keke Napep da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga yara da za a raba da makarantar boko da Islamiyyarsu a tsakiyar zango. Ni malamin firamare ne, a ina zan haɗa wannan cikin kwana 14?

Mun kai kuka wurin mai unguwa, ya kira mai sayen sau biyu bai zo ba. Saboda haka mu tara mun haɗa kuɗi mun shigar da ƙara, muna neman a mayar da rufi da wuta, a ba mu wata shidanmu a rubuce, a biya Inna kayanta da suka lalace. Kafin ranar zama mun sayo tamfol mun ɗaure a kan ɗakinta da igiya da duwatsu, ita da jikokin kuma suna kwana a falona.